Yadda Ake Ƙera Ɗan Taragon Kaya Na Jirgin Ƙasa Da Hannu

A Ingila ko Jamus ko Amurka, mai sha'awar ƙananan jiragen ƙasa shago yake shiga ya zaɓi taragon da yake so a cikin kwali, an riga an yi masa fenti da lamba. Wanda kuma yake son irin taragun da suka yi jigila tsakanin Kano da Legas, da wuya ya same su a shiryayye, sai dai ya zauna ya ƙera abinsa. Wannan bayani na mai son yin haka ne. Za mu yi buɗaɗɗen taragon kaya mai bangon katako, mu loda masa buhuna mu rufe da tamfol, don tunawa da zamanin dalar gyaɗa, wato shekarun da suka biyo bayan isowar jirgi Kano a 1911.

Tun kafin ka taɓa reza, ka sa wannan a ranka: kyan tarago daga ƙasansa yake farawa. In gindin ya karkace, komai kyan fentin da ka shafa, zai riƙa sauka daga kan dogo a kowace kwana. Saboda haka a nan za mu fi daɗewa.

Zaɓen sikeli

Sikeli shi ne yawan ninkin da aka rage girman abu. Mafi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato 1:87. Turawan Ingila sun fi amfani da OO, wato 1:76. Dukansu biyu a kan dogo ɗaya suke gudu, mai faɗin milimita 16.5. Wannan dogon da ƙafafun da suka dace da shi su ne suka fi sauƙin samu, ko sabbi ko na hannu.

To, amma tsohon layin dogon Najeriya ba mai faɗi ba ne. Tsakanin ƙarafansa biyu milimita 1,067 ne, yayin da sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yake da 1,435. In ka ƙera taragon tsohon layi da sikelin HO ka ɗora shi a kan dogon 16.5, ƙafafun za su yi masa faɗi, duk wanda ya san jirgin zai ga wani abu bai zauna ba. Mafitar tana cikin lissafi: raba 1,067 da 64, za ka sami 16.7, wanda bai wuce 16.5 da komai ba. Ke nan in ka ƙera jikin da sikelin 1:64, kana iya amfani da dogo da ƙafafun HO ko OO, kuma komai ya fito daidai. Masu wannan sha'awa a New Zealand da Ostareliya, waɗanda su ma suke da layuka masu irin wannan faɗi, sun daɗe suna yin haka. Ni ma shi nake ba da shawara, don ya fi HO girma, hannu da ido sun fi samun sauƙi.

Sai ka nemi hotunan tarago na gaske, daga gefe, daga goshi, da na ƙasa in da hali. In kana kusa da tasha kamar ta Kano ko Zariya ko Kafanchan, ka nemi izinin ma'aikata kafin ka ɗauki hoto ko ka auna wani abu, kuma kada ka shiga tsakanin taragu ko ƙarƙashinsu ko da ka ga a tsaye suke. Mu ɗauka taragon da ka zaɓa tsawonsa mita 10 ne, faɗi mita 2.4, tsayin bango santimita 90. In ka raba kowanne da 64, za ka sami tsawo milimita 156, faɗi 37.5, bango 14. Zana shi a takarda da wannan girman, don zanen shi ne alƙalinka har ƙarshen aiki.

Kayan aiki

Jikin da fallen robar da ake kira sitarin ake yin sa. Kamfanoni irin su Evergreen da Slater's suna sayar da shi fari tas, kauri daban-daban. Kana buƙatar mai kaurin milimita 1.5 don daɓe, mai 1 don bango, da siriri mai 0.25 don ƙarafan ado. In bai samu ba, ka duba robobin da ke gida: duk wadda ka ga an buga mata lamba 6 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, ko haruffan PS, irin robar ce. Tsohon katin banki ba ya cikinsu, gam ɗin sitarin ba ya kama shi.

Gam iri uku za ka tanada. Na farko shi ne mai ruwa-ruwa da ke narkar da robar ya haɗe ta, irin Tamiya Extra Thin. Na biyu sufa gulu, don manna ƙarfe a jikin roba. Na uku farin gam na kafintoci. Sai wuƙa mai sabuwar reza, rula ta ƙarfe, 'yar sukwaya, samfefa mai laushi, matsefata, ƙaramar filaya, 'yan bakin huda masu milimita 0.5 da 2, da fallen gilashi da za ka yi haɗin a kai. Abin da ba za ka ƙera da kanka ba a taragon farko shi ne bogi, wato 'yar keken nan mai ƙafa huɗu da ke juyawa a ƙarƙashin kowane ƙarshen tarago. Sayi guda biyu, ka fi son masu ƙafafun ƙarfe da faɗin da'irarsu ya kai kamar milimita 12. Na roba suna tara datti.

Gindi

Ba a yanka sitarin da ƙarfi. Ɗora rula, ka ja wuƙa a hankali sau biyu ko uku ta yi tsaga, sannan ka lanƙwasa fallen baya, zai karye tsaf a kan layin. Wanda ya danna wuƙa don ya gama da wuri, bakin zai zame ya bar rula, wani lokacin ya sami yatsa.

Yanki daɓen ya zama milimita 154 da 35.5. An rage biyu a kowane awo ne saboda kaurin bangon da zai kewaye shi. Yanzu auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, daɓen ya karkace, ka ajiye shi don wani aiki ka sake yankan wani. Kada ka ce za ka gyara a gaba. Ba ya gyaruwa.

Juya daɓen, ka ja layi a tsakiyarsa daidai daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A kan layin, ka auna kamar milimita 25 daga kowane ƙarshe ka sa alama. Nan ne bogi zai zauna. Manna 'yan guntayen roba a wurin su zama matashi, kaurinsu ya isa ƙafafu su juya ba su goga daɓe ba, sannan ka huda. Ramin nan in ya kauce wa tsakiya ko da rabin milimita ne, taragon zai riƙa tafiya a karkace. Fara da tsinin allura ka yi ɗan gurbi, ka bi da ƙaramin bakin huda, sannan babba.

Sai ka manna dogayen sanduna biyu na roba a tsaye daga wannan matashi zuwa wancan, su ne ƙashin bayan da zai hana daɓe lanƙwasa in zafi ya yi yawa. Yadda ake sa gam mai ruwa shi ne ka haɗa ɓangarorin biyu a bushe, ka riƙe, ka taɓa bakin haɗin da ɗan buroshi, gam ɗin zai bi tsagar da kansa. Kada yatsanka ya kasance kusa, domin zai bi ta ƙarƙashinsa ya buga zanen yatsan a jikin robar. Ka yi aikin inda iska ke shiga, warinsa ba na shaƙa ba ne.

Wajen ɗaure bogi akwai wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Ɗaya ka ɗaure sukurunsa yadda zai juya hagu da dama kawai, ba ya rawa. Ɗayan kuma ka sassauta shi kaɗan yadda zai iya ɗan karkata gefe da gefe. In ka ɗaure duka biyun tamau, duk inda dogo ya ɗan tashi ƙafa ɗaya za ta ɗaga sama, jirgi ya sauka. In ka sassauta duka, taragon zai riƙa layi. Ɗaya ɗaure, ɗaya sake, shi ne ke ba shi damar bin ƙasa yadda take. Auna kuma tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta a kan sanda ɗaya: kusan milimita 14.5 ake so. In ta gaza ko ta wuce, a mararrabar dogo za ka gane, don nan zai riƙa tuntuɓe. A hankali ake murɗa ƙafa ɗaya a kan sandar har awon ya yi.

Roba ba ta da nauyi, tarago marar nauyi kuwa ba ya zama a kan dogo. Ƙungiyar NMRA ta masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a Amurka ta ba da ƙa'ida ga masu amfani da irin wannan dogo: oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. Namu ya ɗan haura inci 6, ke nan oza 4, wajen giram 115 in an gama komai har da kaya. Yanki fallen ƙarfe ka manne shi a ƙasa tsakanin sandunan nan biyu, a tsakiya, ƙasa-ƙasa iya yadda zai yiwu. In dalma ka samu, kada ka manne ta da farin gam, domin da daɗewa sukan yi wani fari-fari da ke kumbura ya tsaga roba. Yi amfani da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka kuma wanke hannu bayan ka taɓa dalma.

Gwada shi tun yanzu, ba bango ba fenti. Ɗauki dogo mai tsawon mita ɗaya ka ɗaga ƙarshensa da santimita 2. Gindin da aka yi daidai zai gangara da kansa ba turi. In ya tsaya, wani abu yana goga, nemo shi. Maƙalan da ke haɗa tarago da tarago kuwa, irin na Kadee sun fi shahara, kuma tsakiyarsu milimita 9.9 take daga saman dogo. Ko wane iri ka zaɓa, su zama tsayi ɗaya a duk taragunka.

Bango da ado

Bangon gefe biyu tsawonsu 156, na goshi biyu 35.5, su shige tsakanin na gefen. Tsayinsu 15.5, don su rufe kaurin daɓe su bar 14 a sama. Kafin ka yanke su daga fallen, fara zana layukan katako: juya wuƙa ka ja da bayan tsininta, layi bayan layi, tazarar milimita 2.3. Yi a fuska biyu, ciki da waje. Dalili biyu ne: buɗaɗɗen tarago ana ganin cikinsa, kuma fallen da aka tsaga a fuska ɗaya kawai yakan lanƙwashe. Bi da samfefa mai ɗan kaushi sau ɗaya ta tsawon katakon, ba ta faɗinsa ba, zai bar 'yan zane-zane irin na itace da za su fito in an yi fenti.

Haɗa a kan gilashi, sukwaya na jingine da kowace kusurwa. Goshi ɗaya da gefe ɗaya tukuna, su kama, sannan sauran. Sa guntun katako mai faɗin 35.5 a ciki ya tokare bangon kada su faɗa ciki, ka bar shi ya kwana.

Ƙarafan da ke riƙe katako a tsaye da na kusurwa, daga siririn fallen nan za ka yanko su, faɗin kamar milimita 1.5. Kan kusoshi kuwa, kafin ka yanko, ɗora fallen a kan kwali ka danna shi ta baya da allurar da ka dakusar da tsininta; ɗan ƙullutu zai fito a gaba. Ka ƙirga su daga hoto, kada ka watsa su yadda ka ga dama. Ƙofa a tsakiyar bango layi biyu ne a tsaye da 'yan ƙarafan maratayi. Mariƙin hannu da matakala da waya mai kaurin milimita 0.5 ake yi: huda ramuka biyu, lanƙwasa wayar da filaya ta yi daidai da su, saka guntun kati a ƙarƙashi don tazarar ta zama ɗaya, ɗiga sufa gulu ta ciki da tsinken sakace, ka zare katin. Tiyon birki da ke lilo a goshin tarago, guntun tsirkiyar jita mai naɗi yana fitar da shi sosai.

Fenti

Cire bogi ka ajiye gefe. Wanke jikin da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗan ɗumi don maiƙon hannu ya fita, ka bar shi ya bushe sarai. Shimfiɗar farko ta zama toka-toka, irin ta gwangwanin feshi. Fara gwadawa a kan guntun roba, domin wasu fentin mota suna da ƙarfin da ke cin sitarin. Girgiza gwangwanin sosai, tsaya kamar santimita 25 zuwa 30 daga taragon, ka fara fesawa a gefe, ka ratsa ta kansa, ka saki a ɗaya gefen. Sau biyu ko uku sama-sama ya fi sau ɗaya mai kauri, wanda zai cike layukan katako ya binne kan kusoshin da ka sha wahala a kansu.

Yanayinmu yana da nasa hukunci a nan. Da tsakar rana a bazara fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, jikin ya yi gurzan-gurzan. Ka yi feshi da sassafe. A hunturu ƙura ce matsala, saboda haka ka tanadi kwali ko bokiti mai tsabta ka kife a kai da zarar ka gama. Da damina kuwa, ranar da iska ta yi laima, man ƙarewa marar sheƙi, wato wanda ake fesawa a kan fenti a ƙarshe, yakan yi fari kamar hazo, gara ka jira.

Shimfiɗar farkon za ta tona duk wani aibi, gam da ya kwarara ko tsaga da ba ta haɗe ba. Gyara yanzu. Sannan launi na gaske, wanda hoton da ka dogara da shi zai gaya maka. Fentin ruwa irin na Vallejo ko Tamiya yana bushewa cikin kamar rabin awa. Na mai irin Humbrol yana son a bar shi ya kwana. Tsinka shi ya yi kamar madarar shanu, ka shafa da buroshi mai faɗi ta tsawon katako. Shafar farko za ta yi kamar ba ta rufe ba. Haka ake so, ta biyu da ta uku za su rufe. Ƙara ɗan fari ko toka a kowane launi, don ƙaramin abu yana fitowa da duhu fiye da babba. Gindi da bogi kada ka yi musu baƙi wuluk, gauraya baƙin da ruwan ƙasa. Bakin ƙafafun da ke taka dogo da tsinin sandunansu, kada fenti ya taɓa su ko kaɗan.

Cikin taragon ba ruwan ƙasa ba ne. Katakon da ya sha rana toka-toka yake komawa, da ɗan rawaya-rawaya. Bambanta katako da katako kaɗan-kaɗan.

Wajen rubutu ka lura da zamani. A 1955 aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, saboda haka taragon da kake nufin na shekarun 1940 ne bai kamata ya ɗauki haruffan NRC ba. In da takardar lambobi ta jiƙawa za ka yi, fara shafa man sheƙi a wurin, domin a kan fenti marar sheƙi iska tana maƙalewa a ƙarƙashi, gefen lambar ya riƙa ƙyalli. Jiƙa ta daƙiƙa 20 ko makamancin haka, zame ta da buroshi zuwa wurinta, danna da auduga. Ruwan Micro Sol yana tausasa ta ta shige cikin layukan katako. Za ta yi yamutse in ka sa, kada ka taɓa, za ta miƙe da kanta. Injin buga takarda na gida ba ya buga fari, don haka farin rubutu sai dai ka sayi haruffan a shirye ko ka rubuta da siririn alƙalami mai farin tawada.

Tsufa

A ganina nan ne tarago yake samun rai, kuma nan ne aka fi ɓata shi da wuce gona da iri. Ajiye hoton a gabanka, kada ka yi daga ka.

Tsinka launin ƙasa mai duhu ya zama kusan ruwa, ka shafe jikin, zai taru a layuka da gindin kusoshi. Kafin ya bushe, goge saman da auduga daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke bi. Kada ka taɓa gogewa a kwance. Bayan ya bushe, taɓa buroshi a launi mai haske, goge shi a tsumma har ya zama kamar babu komai, ka shafi gefunan ƙarafa sama-sama, za su fito.

Tsatsa kala biyu ce: tsohuwa mai duhu kusan baƙa, sabuwa ja-ja. Tsohuwar ta fi yawa. Sabuwar ɗigo ce kawai a ƙarƙashin kusa ko maratayin ƙofa, a ja ta ƙasa kaɗan. A jikin katako ba a sa tsatsa sai wadda ta kwararo daga ƙarfe. Ƙura kuwa daga ƙasa take tasowa: kankare allin zane mai launin jar ƙasa ya zama gari, ko ka tankaɗe jar ƙasar kanta da siririn ƙyalle, ka shafa da busasshen buroshi, mai yawa a bogi da gindi, yana raguwa yayin da kake hawa. Zaɓi katako ɗaya ko biyu ka yi musu launin sabon itace, alamar an taɓa gyara. Da farin fensir mai tsini ka yi 'yan rubuce-rubucen alli irin na ma'aikatan tasha. Sannan ka fesa man ƙarewa marar sheƙi sama-sama. Zai rage ƙarfin ƙurar, in ta ɓace da yawa sai ka ƙara. A ƙarshe, ɗigon fenti baƙi mai sheƙi a murfin akwatin giris na kowace ƙafa.

Kaya

Ba sai ka cika taragon da buhuna ba. Shimfiɗa siririyar leda a ciki, yanki soso mai tauri ko katako marar nauyi ya cika shi zuwa kusa da baki, buhunan su zama layin sama kawai. Kwaɓa Milliput, wato wani danƙo mai haɗi biyu da ke daskarewa, mulmula shi ya yi tsawo, ka yayyanka guntaye kamar milimita 15 da 9. Danna kowanne da tsohon ƙyalle mai saƙa don ya ɗauki zanen algarara, ka ɗan matse kusurwoyinsa da matsefata su yi kunnuwa. Jera su tun suna da taushi, wannan ya hau kan haɗin waɗancan biyu, ka ɗan danna su nitse cikin juna kamar masu nauyi.

Tamfol kuwa, takardar goge hannu marar zane ko takardar jakar shayi ta isa. Gauraya farin gam da ruwa rabi da rabi, ɗora takardar a kan kaya, ka jiƙa ta da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, tana bin siffar buhunan. Bar kusurwa ɗaya a naɗe don a ga abin da ke ƙasa. In ta bushe ka yi mata launin kore mai duhu ko toka, ka haskaka saman kowane tudu, ka ɗaure da zaren ɗinki da ka ja ta cikin kakin zuma ko kyandir don gashinsa ya kwanta. Zare ledar, kayan zai fito ɗungurungum, kana iya sa shi ko cire shi yadda kake so.

Mayar da bogi, ɗora komai a kan ma'auni. In ya haura giram 115 da yawa, daga kayan za ka rage, ta hanyar ƙwaƙule ƙasan soson, ba daga ƙarfen gindi ba. Sake gwajin gangara, sannan ka tura shi ta kwana mafi tsanani da kake da ita, gaba da baya, shi kaɗai da kuma a tsakiyar wasu taragu. Ajiyarsa kuma a akwati mai murfi, nesa da taga, kada kuma a bar shi cikin motar da aka rufe a rana, domin sitarin ba ya jure irin wannan zafin.